Iyakar Daji: Daga Duwatsun Riruwai Zuwa Doha

Katar ba ƙasar duwatsu ba ce. Tudun da ya fi kowanne tsawo a cikinta, can kudu wajen iyakar Saudiyya, mita 103 ne kacal. Ba ta kuma da abin da Bahaushe zai kalla ya kira daji. Ruwan saman shekara guda a nan bai cika kaiwa milimita 80 ba, abin da a garinmu hadari ɗaya na watan Agusta kan zubar tsakanin la'asar da asuba. Duk da haka a Doha, inda na zo aikin renon itatuwa a 2013, na gane abin da ya shiga tsakanin mutanenmu na duwatsun Riruwai da dajin Falgore. Na ga abin da idona tun ina yaro, amma sai da na yi nisa da gida na fahimce shi.

An haife ni a farkon shekarun 1970 a wani ƙauye da ke maƙale a gindin duwatsun Riruwai, a ƙarshen kudancin jihar Kano, cikin ƙaramar hukumar Doguwa ta yanzu. Wanda ya san Kano ta wajen Dambatta da Bichi, in aka sauke shi a wajenmu zai rantse ya bar jihar. Damina takan riga ta birni sauka, ta kuma daɗe ba ta ɗauke ba. Da hunturu sai an kwana da wuta a ɗaki. Hausawa muke zaune da Kurama, mutanen kan dutse tun asali, da Fulani a rugagensu. Kuza ce ta fitar da sunan Riruwai, domin tun kafin zuwan Turawa ake narkar da ita a nan fatake su kai ta nesa, kuma a ƙuruciyata kawunnaina suna shiga ramukan kamfani ƙarƙashin ƙasa su fito da albashi ƙarshen wata.

Arewa da mu daji ne, wanda Kogin Kano ke ratsawa kafin ya faɗa madatsar Tiga. Turawan mulkin mallaka suka keɓe shi a ƙarshen shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji na Falgore. Faɗinsa ya doshi murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. A takarda ke nan. A wajenmu kuwa daji shi ne rabin rumbu. Inna takan fita da sauran mata farkon damina tsintar kaɗanya, su dawo da ƙwarya cike a ka, ta dafa ta shanya ta daka ta fitar da mai, kuma da kuɗin man nan take yi mana ɗinkin salla. Ɗorawa ta ba mu kalwa da garin ɗorawa. Taura da kanya da ɗinya da tsada su ne abin taɓawar yara. Janfin ɗaki, gora, igiyar rama, saiwar maganin shawara, duk daga can. Baba kuma mai amya ne. Yana da itatuwansa da ya sani ɗaya bayan ɗaya, maje da doka da maɗaci, inda yake ɗora amya da kaka ya sauke zuma da bazara.

Abin da na fara sani game da hukumar daji ba mugunta ba ce, kuma ina so a rubuta wannan. Duk shekara in damina ta ɗauke, malamin daji yakan zo wajen mai unguwa, a yi shela, magidanta su fita gayya da adda da fartanya su share layin iyaka. Daga nan a saka wa ciyawa wuta tun tana da sauran danshi, da yamma in iska ta kwanta. Wutar wuri ba ta da ƙarfi. Lasar ƙasa take yi ta wuce, ta bar ƙananan itatuwa da ransu, ta kuma cinye abin da wutar bazara za ta ci. Baba yana cikin masu jan gaba a wannan aiki, don ya san in wuta ta tashi a watan Maris amyoyinsa ne za su fara tafiya. In ya ga sawun baƙin maharba ko ya ji harbi da dare, da safe zai je ya gaya wa mai unguwa. A lokacin ana ganin gwanki da mazo da gada, mugun dawa kuwa har gona yake biyo mu, tsofaffi kuma suna ba da labarin garken ɓauna a bakin kogi.

Ina ɗan shekara goma da 'yan kai abin ya canja a gidanmu. Mun je sauke zuma ni da Baba, muna dawowa da hantsi, yana riƙe da gatarinsa, ni ina ɗauke da ƙwaryar saƙa, sai wasu ma'aikatan daji suka tare mu. Baƙi ne, ba mu san su ba. Babbansu bai kai Baba shekaru ba, kusan sa'an ɗansa na fari ne.

"Baba, ka san ka ƙetare iyaka?"

"Na sani, yaro. Ni nake share ta duk shekara."

"To ai an hana shiga da gatari da wuta."

"Majen da na hau, mahaifina ne ya fara ɗora masa amya, tun ba a kafa dutsen iyakar nan ba."

Saurayin ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ni dai aiki aka sa ni, Baba."

Suka karɓe gatarin da zumar. Mai unguwa ya yi ta kai da kawo, aka rage tara, amma sai da aka kai akuyar Inna kasuwa kafin a biya. Ba a daki Baba ba, ba a zage shi ba, ba a kulle shi ba. Na sha jin labaran da suka fi namu muni nesa ba kusa ba. Amma da kaka ta zagayo aka yi shelar gayyar iyaka, Baba bai fita ba. Ba shi kaɗai ba, don a shekarun nan kusan kowane gida an taɓa shi: wannan an kama matarsa da dammin itace, wancan an kama shanun da aka ba shi kiwo. Wani dare muna zaune a ƙofar gida muka ji kukan babbar mota can cikin daji, inda ba hanya. Yayana ya ce, "Baba, masu katako ne, a gaya wa mai unguwa?" Baba ya gyara zama ya ce, "Dajinsu ne." Bai ƙara ko kalma ba. Na ji wannan magana daga bakin mutane da yawa bayan haka, maza da mata, duk sanda wuta ta tashi ko aka ji zarto.

Sai shekaru masu nauyi suka zo a jere. Ciwon bushiya ya karkashe shanu a 1983. Fari ya biyo baya, mutanen arewa suka gangaro kudu neman ƙasa mai ruwa, wasu suka zauna ke nan. Farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya a 1985, aikin kamfani ya tsaya, ramuka suka cika da ruwa, kawunnaina suka dawo gida hannu rabbana. A 1986 aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta karye, kananzir ya fara fin ƙarfin talakan birni, Kano ta koma kan itace da gawayi. Magidancin da ba shi da albashi, ga daji a bayan gida, ga mota tana jira a bakin titin Kano zuwa Jos, me ake zaton zai yi? Ƙirya da marke suka fara tafiya, don su ne masu gawayi mai nauyi.

Gonaki kuwa ba su da wajen faɗaɗa. Arewa iyakar gandu ce, don haka suka hau dutse. Aka sassabe gangaren da kakanninmu ba su taɓa sa wa fartanya ba, aka shuka masara. Kurama sun san yadda ake jera duwatsu a tare ƙasa a kan gangare, amma wanda yunwa ta koro ba ya tsayawa jera dutse. Shekarar farko masara ta yi kyau, ta biyu ta yi dama-dama, daga nan ruwa ya fara kwashe ƙasar. Na ga kwazazzabo ya buɗe a gonar maƙwabcinmu cikin damina ɗaya har ya fi tsayin mutum. Rafin da muke wanka a ciki har watan Fabrairu ya koma ja wur da damina, ya ƙafe tun kafin hunturu ya fita. Duk jar ƙasar nan gangarawa take yi, ta bi rafuka ta shiga Kogin Kano, ta je ta kwanta a gindin Tiga, madatsar da manoman Kadawa da Kura ke dogara da ita. Dokar da aka yi don ta tsare itatuwan cikin iyaka ba ta ce komai ba game da dutsen da ke wajen iyaka, alhali ruwan da ke raya dajin daga dutsen yake saukowa.

Su ma ma'aikatan dajin ƙasa ta zame musu. Na san wasunsu daga baya, na ci abinci da su. Mutum kaɗan ne aka ba daji mai faɗin nan, ba mota, babur ɗin ma ya mutu, albashi sai ya ga dama. Mai babbar mota yakan zo da takarda daga sama, ko ya zo da abin da ya fi takarda. Wanda ya rage a iya kamawa shi ne mace mai dammi a ka.

Da na gama sakandare na samu shiga kwalejin koyon aikin gandun daji da ke Jos. A can ne, cikin darasin dokoki, na ga abin da ya hana ni barci. Tun dokar daji ta 1937, in za a keɓe gandu sai an naɗa jami'i ya zauna ya saurari mutanen wurin, kuma takardar kafa gandun takan zo da jeri a ƙarshenta na haƙƙoƙin da aka bar wa ƙauyukan da ke maƙwabtaka: bin hanya, ɗiban ruwa, tsintar 'ya'yan itace, busasshen itace na girki, ciyawar jinka, zuma. Da Turanci aka rubuta, aka buga a jaridar gwamnati, aka adana a ofis. A ƙauyenmu ban taɓa jin wanda aka karanta wa irin wannan jeri ba, ba kuma wanda ya zo ya bayyana mana abin da ya ragu da abin da ya faɗi sa'ad da gandun itace ya koma gandun namun daji. Abin da ya iso mu daga doka shi ne hani da tara. Da aka rushe En'e a 1976, igiyar da ta haɗa malamin daji da dagaci da mai unguwa ita ma ta saki, ma'aikaci ya zama baƙon da ke amsa umarni daga nesa.

Dajin da maƙwabtansa suka juya wa baya ba ya zama fayau. 'Yan fashi suka fara tare titin da ya ratsa shi, har direbobin Jos suka riƙa lissafin kada magariba ta same su a Falgore. Bayansu ɓarayin shanu suka kafa sansani a ciki. Lokacin da abin ya yi ƙamari, wajen 2014 da 2015, ina Doha, ina jin labari ta waya. Ƙanwata ta ce mini a daminar nan kaɗanya ta zuba ta ruɓe a ƙasa, ba macen da ta isa ta shiga.

Aikina a Doha shi ne kula da dashe a wani kamfanin ƙawata tituna da lambuna. Duk itacen da ka gani a bakin titi a birnin nan, a gindinsa akwai siririn baƙin tiyo mai ɗigar masa da ruwa a kan lokaci, kuma mafi yawan ruwan na magudanan gidaje ne da aka tace. In tiyo ya toshe a watan Yuli, mako guda ya isa ka ga ganye ya ƙone. Kowane itace yana da lamba, in ya mutu sai ka rubuta dalili. Na ga an tono tsohuwar kurna daga filin da za a yi gini, aka naɗe saiwarta, aka ɗaga ta da ƙugiya aka kai ta wajen reno. Kurna ita ce itacen da ƙasar ke alfahari da shi, sidra suke ce mata, har ginshiƙan babban zauren taronsu na ƙasa, inda aka yi taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2012, an ƙera su da siffar rassanta. A 2019 suka ɗaura aniyar dasa itace miliyan 1, suka cika a Disambar 2022, suka kuma sa wa kansu miliyan 10 kafin 2030. Hannuna yana cikin wannan aiki kuma ina jin daɗin haka. Sai dai itacen birni bai koya mini komai game da Falgore ba. Rauda ce ta koya mini.

Rauda kwari ne marar zurfi a tsakiyar hamada, inda ɗan ruwan sama ke taruwa ya kwantar da laka. A nan kurna ke fitowa da kanta, da wata ƙaya da suke kira samur, in kuma ruwan farkon hunturu ya samu sai ciyawa da furanni su rufe ƙasa. Wannan ne dajinsu, shi da kurmin gurum da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a Zakira kusa da garin Khor. Raƙuma sun yi yawa, motocin masu yawon sahara sun tattake ƙasa, raudoji suka fara mutuwa. Tun 1995 akwai dokar hana ɓarnar tsirrai, a 2011 kuma Ma'aikatar Muhalli ta hana kiwon raƙuma a fili gaba ɗaya, aka yi ta sabunta hanin. Wasu raudojin aka kewaye su da waya. Na ga wata kafin ta farfaɗo, kurnoninta duk an aske su daidai inda wuyan raƙumi ke kaiwa, ƙasa ba ko tsiro. Na sake ganinta bayan wasu shekaru, 'ya'yan kurna da na samur sun taso sun kai gwiwa, tsuntsaye suna ta hayaniya a ciki. Hani yana aiki, ban taɓa musun wannan ba. Tambayar da ta riƙa cina ita ce, raƙuman fa, ina suka tafi, wa ke ciyar da su?

Amsar na same ta wajen wani dattijo Bahaushen Sudan, mutumin Mai Wurno, jikan waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Kiwon raƙuma yake yi wa wani Balarabe a wajen Shahaniya, inda filin tseren raƙuma yake. Nakan je wajensa ranar Juma'a bayan an sauko, mu sha shayi. Hausarsa irin ta kakanni ce, mai daɗin ji. Ya zagaya da ni garken, wanda suke kira izba, fili ne da gwamnati ta yanka wa masu dabbobi. Ga buhunan sha'ir da dusa da ake sayar musu a kan farashi mai rangwame, ga tankin ruwa, ga likitan dabbobi yana zuwa.

Na ce, "Alhaji, maigidanka bai ji haushin hanin nan ba?"

Ya ce, "Ya ji mana, ɗana. Balarabe da raƙuminsa a ɗaure? Har yau yana ƙorafi. Amma da aka rufe masa daji an buɗe masa rumbu. In ya ga wani ya shiga rauda da mota, shi da kansa zai buga waya."

Na yi shiru, don na tuna wanda ya daina kai rahoto.

Ba na cewa Kano ta yi abin da Katar ta yi. Ƙasa ce mai arzikin iskar gas, 'yan ƙasarta ba su kai mutanen wasu unguwannin Kano in an haɗa ba. Kuma ba duk nauyin hanin ta ɗauka da kanta ba. Masu raƙuma da yawa sun ƙetara da garkunansu Saudiyya inda ake barin kiwo, ciyawar wata ƙasa ta riƙa biyan farfaɗowar raudojin nan. Da rikici ya ɓarke a Yunin 2017 aka rufe iyaka, sai aka koro dubban raƙuma da tumaki cikin tsananin zafi. Na bi hanyar Salwa a kwanakin, na ga inda aka tara su, motocin ruwa suna jere, makiyaya Sudanawa da 'yan Asiya sun galabaita suna neman dabbobin da suka ɓace cikin turmutsitsi. Wasu raƙuman ba su kai ba.

Haka ma wuta. An hana sare itacen daji a Katar, amma duk hunturu mutane suna kafa tantuna a sahara, ana gasa nama, ana dafa gahawa, ana shan shisha. Itacen da gawayin daga jirgin ruwa suke sauka. A 2012 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta fitar da gawayi daga Somaliya, wanda kasuwarsa mafi girma ƙasashen wannan yanki ne, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da ke fitar da gawayi zuwa waje. Na taɓa tsayawa a wani shago na ɗauki gaɓa ɗaya daga buhu, na ji nauyinta, na ƙwanƙwasa ta yi ƙara irin ta ƙarfe. Wanda ya girma kusa da maƙera ya san gawayin itace mai tauri, ya kuma san shekarun da irin wannan itace ke ɗauka kafin ya kai a sare shi. Duk inda aka tsare daji, akwai wanda ya biya. A nan baitulmali ya biya wani kashi, maƙwabta da na nesa suka biya saura. A wajenmu akuyar Inna ce ta biya.

Wanda ya nuna mini cewa ba sai da kuɗin gas ba, wani mai gadi ne ɗan ƙasar Maraɗi da muke sallar asuba tare a masaukinmu na Sana'iyya. Ya ce a ƙuruciyarsa, in manomi ya sare reshen gawo a gonarsa ta gado, ma'aikacin daji zai ci shi tara, don itacen na gwamnati ne. Saboda haka duk tsiron da ya fito sai a kashe shi tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo wa mutum masifa. Gonaki suka zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. Bayan yunwar 1984, wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da abokan aikinsa suka riƙa nuna wa manoma yadda za su bar tohon kututture, su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su rage saura. Sassaben zamani ake ce masa. Dabarar ba baƙuwa ba ce, abin da ya sa ta kama shi ne hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata in ya rena itace shi zai ci moriyarsa, kuma dokar dajin ƙasarsu ta 2004 ta ƙara ƙarfafa haka. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Ya ce, "Malam, yanzu in ka taɓa gawon tsohona, gara ka taɓa ɗansa." Ƙasarsu ba ta samun rabin ruwan da Riruwai ke samu.

Falgore kuwa ta ga manufofi iri-iri cikin 'yan shekaru. A 2015 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje da jami'an tsaro suka shiga farautar ɓarayin shanu, aka ƙwato shanu masu yawa, aka tara su a gidan zu na Kano masu su suna zuwa dubawa. A 2017 rundunar sojan ƙasa ta mai da wani sashe na dajin filin atisaye. A 2018 gwamna ya gayyaci makiyayan da ke fama da rikici a wasu jihohi su zo Kano, ya ambaci Falgore a cikin wuraren da za su ɗauke su. A ƙarshen 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da sababbin gandayen ƙasa 10, Falgore na ciki, tare da Kogo ta Katsina da fadamun Haɗeja. Tsaro ya inganta, wannan gaskiya ce, kuma wanda ya kwana da fargabar a kore masa shanu ya san darajar barci. Amma daji ɗaya ne aka ce filin harbi ne, aka ce makiyaya ce, aka ce gandun ƙasa ne da dokarsa ta fi ta da tsanani. Mutumin gindin dutse a rediyo yake jin kowanne, sai ya zauna yana lissafin wanne ne zai fara isowa ƙofar gidansa.

Na je gida da kakar 2023. Baba ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Yayana ya kai ni gonar kan gangare, wadda rabinta ya zama tsakuwa. Na riga na ba shi labarin mutumin Maraɗi ta waya, ya kuwa gwada: ya bar tohon kaɗanya da na ɗorawa da na marke, wani tsoho Bakurme ya nuna masa yadda ake jera duwatsu a kan layi. Inda ya jera, laka ta fara taruwa. Wannan a gonarsa ne, inda ya san ba mai karɓe masa gatari.

Da dare dattawa suka taru a ƙofar mai unguwa, maganar gandun ƙasa ta taso. Ba wanda ya ce a bar daji a buɗe. Su ne suka fi kowa sanin abin da buɗaɗɗen daji ya jawo musu. Mai unguwa ya ce, "Kai da ka yi karatun abin, in sun zo me za mu ce musu?" Na ba su labarin jerin haƙƙoƙin da na gani a Jos. Wani dattijo ya ce to mu rubuta namu tun kafin a rubuta mana, da Hausa, da boko da ajami. Aka kawo fitila da littafin makarantar wani yaro, ina rubutawa suna faɗa. A bar mata su tsinci kaɗanya da ɗorawa a lokacinsu. A ba masu amya shaida, kowa da itatuwansa. A dawo da gayyar share iyaka da wutar wuri, a kuma biya waɗanda suka fita. In za a ɗauki masu gadi a fara da 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda suka san kowane rafi. In an kama mai babbar mota a sanar da mai unguwa abin da aka yi da shi. Wata tsohuwa ta aiko daga cikin gida cewa a sa ciyawar jinka, don kwano ya yi tsada. Arɗo ya iso a makare, ya sa aka karanta masa daga farko, ya ce a ƙara burtalin da ke kai shanu kogi da rani, a kuma rubuta faɗinsa da taki, don burtalin da ba a auna ba gona ke cinye shi. Aka auna washegari. Mai unguwa ya sa aka kwafe takardar gida biyu, ya ajiye ɗaya, ya ce ɗayar zai kai wa dagaci ranar kasuwa.